Bashin Baba Da Azumin Inna

Bana ruwa ya ba mu tsoro. Mun yi shuka da ruwan farko, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke har kwana goma sha bakwai. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa shi ya wuce. A cikin kwanakin nan ne matar ɗana ta aiko mini da kwaɗon tafasa, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da man gyaɗa, wai in ɗanɗana. Su yanzu marmarinsa suke yi, har saye suke yi a kasuwa. Na buɗe kwanon, ƙanshin ya bugi hancina, na mayar da murfin na ce a kai wa yara. Yau shekara hamsin ke nan, ko kusa da haka, rabon da in sa tafasa a bakina.

A wancan lokacin ina da shekara ashirin da biyar, muna zaune a wani ƙaramin ƙauye arewa da Ɗanzomo. Mu biyar ne a gidan: Baba, da Inna, da ni, da matata Asabe, da 'yarmu Ladi. Ƙannena mata biyu duk suna gidan aure. Shekarar babban farin nan, saba'in da uku, ko dami goma ba mu ɗauko daga gona ba. Jakinmu ya mutu, awaki muka sayar da su a wulaƙance. Da abin ya kai maƙura, Baba ya ɗauki sandarsa ya tafi Gumel wurin Alhaji Garba mai hatsi, wanda suka saba tun lokacin da Baba ke kai masa gyaɗa. Ya karɓo gero, da irin shuka, da kuɗin haraji. Da wannan muka rayu. Da aka haɗa duka ya kama fam talatin da shida. Naira ta riga ta shigo, amma bakinmu bai saba da ita ba, da fam da sule muke lissafi.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Da bazara ya kwanta, kwana tara ya yi. Ana gobe zai cika ya kama hannuna ya ce, "Haruna, kuɗin Alhaji Garba. Kada ka bar ni da shi." Da aka zo sallar gawa liman ya tambaya ko akwai bashi a kan marigayi, na miƙe a gaban jama'a na ce akwai, kuma na ɗauka.

Bayan sadakar arba'in na je Gumel. Na sami Alhaji a rumfarsa, mutum ne mai sanyin magana, ba ya son hayaniya. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Mahaifinka mutumin kirki ne. Ba na son ka takura kanka. Ka raba shi uku, duk kaka ka kawo fam goma sha biyu. In wata shekarar ta ƙi, ka zo ka faɗa mini."

Na dawo gida da murna na faɗa wa Inna. Ba ta yi murna ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Shekara uku yana kwance da nauyin mutane a kansa?"

Na ce mata ai na tambayi liman, ya ce tunda na ɗauka a gaban shaidu, ni ake bi yanzu, ba Baba ba.

Ta ce, "Liman ba shi ke mafarkinsa ba. Ni ke ganinsa."

Daminar saba'in da huɗu Allah ya dube mu. Ruwa ya sauka a kan kari, ƙasar da ta huta da ƙishirwa ta ba da abin da ke cikinta. Na yi noma ni kaɗai kamar zan mutu a gona. Da kaka, bayan na fitar da zakka, gero ya tsaya dami hamsin da biyu, ga gyaɗa buhu huɗu, ga ɗan wake. Gidanmu dami ɗaya muke ci a mako in an yi tattali. Wato abincin shekara ne cif, babu ragi babu ƙari. Gyaɗar kuwa za ta biya haraji, ta ba Alhaji kasonsa na shekarar, a sami ɗan abin da za a yi wa mata sutura.

Haka Asabe ta lissafa, haka ni ma na lissafa da farko. Amma kullum da safe in na je gaida Inna, bayan an gama gaisuwa sai ta ce, "Jiya ma na gan shi. A tsaye yake a bakin zaure, bai shigo ba." Ba ta taɓa ce mini in sayar da hatsi ba. Wannan maganar kawai take yi. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ba don Inna kaɗai ba ne. Na tsani a ce ana bina. In na shiga kasuwa sai in ga kamar kowa ya san kuɗin da ke kaina. Ina son in wanke hannuna sau ɗaya in huta.

Ranar da na fara sauke dammuna daga rumbu, Asabe tana sussuka a tsakar gida. Ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya.

"Malam, ina za a kai waɗannan?"

"Kasuwa."

"Nawa za ka fitar?"

"Ashirin da biyu."

Ta lissafa da yatsunta. "Saura talatin ke nan. Za su ƙare ana tsakiyar noma. Me za mu ci daga nan zuwa sabon gero?"

Na ce mata zan tafi ci-rani, zan samo kuɗi in sayo. Kuma ga gyaɗar baɗi.

"Gyaɗar da ba a shuka ba? Malam, mutumin nan bai kore ka ba. Shi da bakinsa ya ce shekara uku. Ka ba shi abin da ya ce, ka bar mana abincinmu. Yanzu hatsi ba shi da daraja, kowa fitarwa yake yi. Wallahi abin da ka sayar yau sule ɗaya, da sule uku za ka saye shi da damina."

Na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Na ce ba ubanta ne ke kwance da bashi ba. Ta kalle ni, ta kalli ƙofar ɗakin Inna, ta koma ta ɗauki taɓaryarta. Ranar har yamma sai ƙarar turmi.

Na sayar da geron, na sayar da gyaɗar duka in ban da iri, na biya haraji, na haɗa fam talatin na kai Gumel, saura shida a kaina. Alhaji ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗago kai.

"Haruna, wannan ai ya yi yawa. Ka bar wa gida abinci kuwa?"

"Na bari, Alhaji."

"Ka tabbata?"

"Rumbu cike yake."

Ƙaryar da na yi ke nan, kuma na ji daɗinta a bakina. Na dawo gida ina jin kaina sakayau. Inna ta sa mini albarka har da hawaye. Bayan kwana biyu ta ce ta daina ganin Baba a bakin zaure.

Ci-ranin bai yi yadda na zata ba. Na tafi Maigatari da niyyar dako da korar dabbobi ranar kasuwa, sai na tarar da garin cike da mutane irina, har da waɗanda fari ya koro daga ƙetaren iyaka, waɗanda za su ɗauki buhu a ba su loma ɗaya. Wata uku na yi. Ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a sha ruwa. Na dawo da fam huɗu da tari a ƙirji. Na tarar Asabe na da ciki wata uku, ba ta faɗa wa kowa ba sai Inna.

Tun daga bazara Asabe ta fara rage awo. Tuwon dare ya koma rabi, furar rana ta koma ruwa-ruwa. Dusar da a da ake zuba wa kaji, ta fara shanyawa tana adanawa a tukunya. Zafin bazarar nan ba na manta shi. Rairayi ya yi zafin da ba a taka shi da tsakar rana, rijiya ta ja baya, sai mata sun yi sammako sun yi layi kafin a sami tulu biyu masu laka.

Ruwa ya zo a makare, ya kuma zo da gardama. Shukar farko ta ƙone, muka sake. Na shuka gyaɗa a gonar gabas, ita ce duk begena. Muna gama noman farko, wata safiya Asabe ta kira ni bakin rumbu ta ce in leƙa. Na leƙa. Dami biyu ne a ƙasa, da kashin ɓera. Da ta yi mini gori ma da ya fi mini sauƙi.

Fam huɗun nan na kai kasuwar Sule Tankarkar. Farashin da na tarar, Asabe ma ta rage a lissafinta. Na tsaya a gaban mai awo ina kallon geron, ina tunanin wataƙila nawa ne, wanda na sussuke da hannun matata na kawo da kaka. Abin da na sayo bai kai mu wata guda ba.

Daga nan sai ƙwadago. Da asuba in saɓa ashasha, hauyar nan mai doguwar ƙota da muke noma da ita a tsaye, in tafi gonar masu hali. A yi aiki har azahar, a ba mu fura a gona, a sallame mu da sule biyar. Furar nan ita ce abincina na yini. Sule biyar ɗin in sayo gero ko garin kwaki in kai gida. Sai da la'asar nake shiga tawa gonar, ciyawa ta riga ta sha kan geron. Ina noma wa wasu, tawa tana lalacewa a kan idona, kuma babu yadda zan yi, domin ranar da ban je ƙwadago ba tukunya ba za ta hau murhu ba.

Asabe da cikinta take shiga jeji tare da matan unguwa. Tafasa, yaɗiya, gasaya, duk abin da ke da ganye. A dafa, a matse, a barbaɗa gishiri da ɗan garin dusa, babu ƙuli-ƙuli, babu mai. Tafasa in ta yi yawa a ciki ba ta zama, sai murɗa da gudawa. Warinta ya kama kwanukanmu, ya kama tufafinmu. Ladi, tana da shekara uku a lokacin, gashinta ya yi ja, cikinta ya fito gaba. Da farko tana kuka, daga baya ta daina, sai dai ta zauna a bakin murhu tana kallon tukunya.

A wannan shekarar watan azumin tsofaffi ya faɗo a tsakiyar damina. Da ya kama, Inna ta ce za ta yi azumi. Ban ga abin mamaki ba, ta saba yin 'yan kwanaki a cikinsa duk shekara. Sai na ga wata ya ƙare tana yi, Sha'aban ya shiga tana yi. Na ce, "Inna, ki huta mana, ga babban azumi na tafe." Ta ce tana da ramuwa ta shekarun baya da ba ta biya ba. Na yarda, don ina son in yarda.

Wata ranar Laraba ina gonata da yamma, sai ga Asabe ta zo har inda nake, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan kunya tana haki.

"Malam, ka san me Inna take buɗa baki da shi?"

"Abin da kika zuba mata."

"Ruwa ne. Ruwa da ganye loma biyu. In na kai mata kunu sai ta kira Ladi ta ba ta. In tuwo ne sai ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, da safe ta ce wai ya yi mata yawa, in ɗumama in ci saboda abin da ke cikina. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Yau na ga ƙafafunta, sun kumbura. Na gwammace in yi kaffara."

Na yar da ashasha a gonar na nufi gida. Na sami Inna a bakin ɗakinta tana jan carbi. Na daɗe ban dube ta da kyau ba, kullum a gajiye nake shigowa. Wuyanta ya zama kamar kara. Na durƙusa na danna yatsa a ƙafarta, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Inna, me ya sa?"

Ta janye ƙafarta ta rufe da zane. "Yarinyar nan ba ta da riƙon magana."

"Inna, kashe kanki za ki yi?"

"Kai, rufe mini baki. Wa ya ce maka kashe kaina nake yi? Ni na ci nawa rabon, shekara sittin ina ci. Ita mai cikin rai biyu ne. Waccan kuma ko haƙoranta ba su gama ƙwari ba." Sannan ta ce a hankali, "Matarka ta faɗa maka gaskiya ranar da ka sauke dammunan nan. Ina ɗaki ina jinku. Da na fito na ce ka bari, da ka bari. Ban fito ba."

Na ce mata ni na sayar, ba ita ba. Ta ce to, mu biyu ne.

Abin da ya kamata in yi shi ne in tafi Gumel in faɗa wa Alhaji gaskiya, ya ba ni ko buhu ɗaya. Na san zai bayar. Har na kama hanya washegari, na yi tafiyar kusan awa guda, sai na tuna na ce masa rumbu cike yake. Na tsaya a gindin wata aduwa na daɗe, sannan na juya. Na je wurin wani mutum a ƙauyen da ke kusa da mu, mai ba da hatsi da damina a biya shi da kaka. Ya ba ni rabin buhu a kan dami takwas. Na san cuta ce, na karɓa. Na gudu daga bashin da babu mai matsa mini, na faɗa wanda ya fi shi.

Asabe ta dama kunu mai kauri, na zauna a gaban Inna na ce ba zan tashi ba sai ta sha. Ta sha. Amma cikinta ya riga ya manta da abinci, duk abin da ya shiga sai ya fito. A makon nan ne kuma na je gonar gabas na ga gyaɗar ta dunƙule, ganyen ya yi rawaya ya murɗe. Kuturtar gyaɗa ce, ta kama gonakin yankin gaba ɗaya. Na tuge gindi ɗaya, babu ko ƙwaya.

Babban azumi ya kama gero na fitar da kai. Liman da kansa ya zo ya ce wa Inna azumi ya faɗi a kanta. A lokacin ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Rana ta takwas na sami kan gero guda uku da suka yi ƙwari a gefen gona, na karyo, na gasa tumu, na murje a tafin hannuna na kai mata. Ta kai hanci ta shaƙa, ta ce, "Sabo ya zo." Ta ɗauki ƙwaya kaɗan ta sa a baki, ba ta iya taunawa ba. Ta ce a kira mata Ladi.

Rana ta goma, da hantsi, ta cika.

Bayan Sallah da kwana shida Asabe ta haihu, namiji, ɗan ƙarami kamar ba zai yi rai ba, amma ya yi. Geron da na samu a shekarar dami talatin da huɗu ne, saboda ciyawar da ta ci shi. Mai rabin buhu ya zo har gona ya ɗauki takwas ɗinsa. Ranar da aka kawo sauran gida, Asabe ta fito da jariri a hannu, ko arba'in ba ta yi ba, ta tsaya a bakin rumbu har aka gama zubawa. Sannan ta ce, "Malam, daga yau abin da ya shiga nan na ci ne. In akwai mai binka, ka biya shi da abin da ya ragu a waje, ko shekara goma za a yi." Haka aka yi har ƙarshen zamanmu.

Abin da ya ragu a waje ɗan wake ne. Na sayar, na biya haraji, fam ɗaya ya saura. Na ɗaure shi a bakin wando na tafi Gumel, ina jin kunyar abin da zan miƙa. Alhaji ya karɓa da fara'a, ya ce ai bana kowa ya ji jiki da gyaɗa, in kawo sauran biyar ɗin duk lokacin da ya samu. Ya ce ni mutum ne mai alkawari, har labarina yake ba masu yi masa taurin bashi. Sannan ya sa hannu a ƙarƙashin teburinsa ya ɗauko sukari ƙulli guda da goro biyar ya miƙo mini.

"Ka kai wa tsohuwarka, ta sa a kunu. Tana nan lafiya?"

Na riƙe ƙullin a hannu, na kasa ɗaga kai.

"Ta rasu, Alhaji. Cikin azumi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ji ba wallahi. Me ya same ta?"

Ga buhunan gero jibge a bayansa har rufin rumfa. Na dube su, na dube shi.

Na ce masa zazzaɓi ne.